Jama'a, wannan shanshani ne ko mene ne? A banɗaki na gan shi

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a taimaka min, har yanzu jikina rawa yake. Ƙarfe 2 na dare na tashi zan haɗa wa Ilham madara, na biya banɗaki, ina kunna fitila sai ga wannan abin manne a bango dab da madubi. Ga hoton nan na saka. Gangar jikin ba ta fi gaɓa biyu ta yatsana ba, amma ƙafafuwan kamar an watsa gashi, sirara dogaye ta ko'ina, ba ka gane kai ba ka gane gindi. Kalarsa ruwan ƙasa mai haske, da layi uku masu duhu a gadon baya. Na juya in ɗauko silifas, kafin in waiwayo babu shi babu dalilinsa. Watanmu 4 ke nan a Istanbul, a hawa na ƙasa muke, rabin tagoginmu ma a daidai titi suke. Ilham ta fara rarrafe, kome ta samu sai baki. Na tashi Abbanta, ya kalli hoton da ido ɗaya ya ce shanshani ne, ya juya ya ci gaba da barci. Ni kuwa shanshanin da na sani a Funtuwa ba haka yake ba.

Hajiya Babba: Innalillahi! 'Yar nan ɗauke yarinyar ki hau gado da ita. Shanshani ba abin wasa ba ne. Ni ya taɓa cizona a ɗan yatsan ƙafa ina sharar tsakar gida da damina, wallahi kwana na yi ina salati, ƙafar nan ta kumbura har idon sawu. Gari na wayewa ki sa mijinki ya nemo maganin ƙwari a feshe gidan kaf.

Bakatsine: Wannan ai gizo-gizo ne ya auri shanshani suka haifi ɗa.

Ɗan Damagaram: Hajiya ku ƙara duban hoton da kyau. Wanda ya cije ku mai faɗi ne, mai sulɓi kamar an shafa masa mai, da gajerun ƙafafu a gefe da gefe, ko ba haka ba? Wancan shi ne namu, wanda ake tarar da shi a ƙarƙashin turmi ko randa. Na hoton nan ni tunda nake ban taɓa ganin irinsa a Damagaram ba.

Hajiya Babba: Ɗan nan, shanshani shanshani ne. Don ya je Turkiyya ya sake riga ba zai sake hali ba.

Malamin Bayoloji: Wa alaikumus salam. Maman Ilham kwantar da hankalinki, hoton ya fito sarai kuma na gane shi. Hajiya da Ɗan Damagaram kowa da gaskiyarsa. Dangin shanshani ne, amma ba gida ɗaya suka fito da wanda muka sani ba. Sunansa a littafi Scutigera coleoptrata, Turawa na kiransa shanshanin gida, kuma asalinsa ma daga ƙasashen bakin Bahar Rum ne, wato ke ce kika same shi a garinsu. Daga can ya bi kaya da jirage ya bazu duniya.

Ki buɗe hoton ki ƙirga ƙafafun gefe ɗaya. In ya gama girma kuma babu wadda ta cire, 15 za ki samu, gefe biyu 30 ke nan. Ƙafafun suna ƙara tsawo ne daga gaba zuwa baya, shi ya sa ba ya harɗewa in yana gudu. Biyun ƙarshe sun fi kowanne tsawo, a jikin mace ma sukan ninka tsawon jikinta, sai su yi kama da eriyar da ke kansa. Abin da ya hana ki gane kai da gindi ke nan, kuma haka yake rikita abin da ke son kama shi. Gangar jikin santimita 2 da rabi ne zuwa 3 da rabi, ƙafafu da eriya ne ke sa a ga kamar ya kai 10. Layi ukun nan da kika gani a baya su ne shaidarsa ta biyu.

Wanda ya ciji Hajiya kuwa daga gidan Scolopendra yake. Shi ƙafafunsa 21 ne a kowane gefe, wasu 23, gajeru masu kauri, jikinsa a baje, kuma yakan kai tsawon tafin hannu.

Maman Ilham: Malam na ƙirga, 15 na samu a hagu, 14 a dama. To amma abin da nake son ji ɗaya ne: yana cizo ko ba ya yi?

Malamin Bayoloji: Ɗayar ta cire ne, yakan yar da ƙafa in an kama shi ta nan, kamar yadda tsaka ke yar da wutsiya.

Ba zan ce miki ba shi da dafi ba, don ƙarya zan yi. Duk shanshani yana da dafi, da shi yake farauta. Ba ma da baki yake sa shi ba, wasu ƙafafu biyu ne na gaba da suka rikiɗe suka zama kamar ƙugiya a ƙarƙashin kai. Sai dai na wannan ƙanana ne, da ƙyar suke huda fatar mutum, kuma halinsa gudu ne ba faɗa ba. Sai an danne shi da hannu ko an matse shi cikin tufa kafin ya yi yunƙuri. In ma ya samu ya huda, abin bai cika wuce zafin harbin ƙudan zuma ba, wurin ya yi ja ya ɗan tasa, ya wuce.

Hajiya Babba: To ai ka faɗa da bakinka. Yana da dafi. Jaririya fa ake magana, Malam, ba ƙaton namiji ba.

Kawun Amurka: Hajiya Allah ya ƙara lafiya, ku bari in ba da shaidar ido. Shekarata 11 a gidan da nake, kuma akwai su a ɗakin ƙasa inda injin wanki yake. Nan ƙasar sun daɗe, tun 1849 aka fara rubuta ganinsu a jihar Pennsylvania. Ranar da na fara ganin ɗaya na saki kwandon wanki na haura bene da gudu, ni da furfurata. Yara huɗu muka raina a gidan nan, babu wanda ya taɓa ciza. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gudunsa, sai ka ce inuwa ce ta gilma.

Malamin Bayoloji: An auna gudun, yana kai santimita 40 a daƙiƙa ɗaya. Ga abin da jikinsa bai kai santimita 4 ba, ka ga ba ƙaramin gudu ba ne. Kuma yana da ido mai gani sosai, saɓanin yawancin danginsa da kusan lalube suke yi.

Ɗan Maiwurno: Mu nan Sudan Larabawa ummu arba'a wa arba'in suke ce wa shanshani, wato mai 44. Yanzu Malam ya ce 30, ya ce 42. Wa za mu bi?

Ɗan Damagaram: Faransawa ma dubu suka ce, su ba su da lokacin ƙirga.

Malamin Bayoloji: Kowa ya ga yawa ya yanka lamba. Turawan Ingila ɗari suka ce. Abin dariyar, adadin ƙafafun gefe ɗaya na shanshanin da ya gama girma kullum mara ne, ba ya rabuwa biyu daidai: 15, 21, 23, har sama da haka. Ɗari kuwa sai an samu 50 a gefe, 44 sai an samu 22, duka biyun babu su. Shi na gidan Maman Ilham ma da 4 a gefe ake ƙyanƙyashe shi, kowace saɓa ya ƙara, 5, 7, 9, 11, 13, har ya cika 15. Don haka in kin ga ƙarami mai ƙafafu kaɗan, ɗansa ne, ba wata halitta ba.

Maman Ilham: Malam don Allah bar maganar 'ya'yansa, yanzu na fara samun natsuwa.

Bakatsine: Ni dai shawarata a nemo fiya-fiya. A zuba a murfin kwalba a kowane lungu, a rufe ƙofa da taga, da safe a share gawa. Babu shanshani babu kakansa.

Anti Nas: Bakatsine don girman Allah janye wannan maganar. Ina bin zancen nan shiru tun ɗazu, amma nan ba zan yi shiru ba. Shekaruna da dama ina aikin dare a ɓangaren yara, kuma abin da nake gani da idona shi ne yaran da aka kawo sun sha ko sun shaƙi maganin ƙwari. Yaro ya zo yawu na dalala, gumi ya jiƙa shi, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, ƙirji na kurkur. Uwa tana kuka tana cewa a kwalbar lemo aka zuba, ya ɗauka abin sha ne. Fiya-fiya maganin gona ne, sinadarin da ke ciki jijiyoyi yake kamawa, kuma bai san bambancin ƙwaro da ɗan mutum ba. A ce a ajiye shi a murfi a ƙasa, a gidan da yarinya ke rarrafe, a hawa na ƙasa da iska ba ta ratsawa? Wallahi maganin ya fi ƙwaron haɗari nesa ba kusa ba.

Bakatsine: Anti a yi haƙuri, mu haka muka taso muka ga ana yi.

Anti Nas: Na sani, ni ma a gidanmu an yi. Ba faɗa nake ba, ƙanena.

Maman Ilham, ga abin yi in tsautsayi ya sa wani shanshani, kowane iri ne, ya ciji mutum. A wanke wurin da ruwa da sabulu. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na ɗan lokaci, kada a ɗora ta tsirara a fata. A sha farasitamol in zafin ya dame shi. Ba a tsagawa da reza, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓar da igiya, ba a shafa kananzir ko man birki. Abin da zai sa a tafi asibiti ba jira: fuska ko leɓe su kumbura, numfashi ya yi wuya, ƙuraje su feso a jiki, jiri ko amai. Wannan alamar jikin mutum bai karɓi dafin ba ne, kamar yadda wasu ke yi da harbin zuma. Haka in bayan kwana biyu wurin na ƙara ja da zafi ko ya fara ruwa. Jariri kuwa ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, a kai shi a duba, ba a jayayya da wannan.

Hajiya Babba: Yauwa. Yanzu na ji magana. Ni da aka shafa min albasa da gishiri fa?

Anti Nas: Hajiya Allah ne ya kiyaye, kuma da ma zafin zai sauka da kansa, sai albasa ta karɓi yabo.

Bazazzagiya: Ni tambayata daban ce. Wanda ke fitowa da damina, baƙi mai sheƙi, yana tafiya a hankali, in ka taɓa shi ya naɗe kamar gammo, shi ma shanshani ne? Yarana na wasa da shi.

Malamin Bayoloji: Wannan ƙadandoniya ce. Ki duba gaɓa ɗaya ta jikinta, ƙafa huɗu za ki gani, biyu a kowane gefe, shi kuwa shanshani ɗaya ce a kowane gefe. Ita ruɓaɓɓen ganye take ci, ba ta cizo sam. Amma tana fitar da wani ruwa mai wari in an takura mata, yana rina fata ta yi duhu kamar an ƙone, kuma in ya shiga ido akwai raɗaɗi. Su wanke hannu in sun taɓa ta, su daina murza ido.

Kawun Amurka: Malam ka faɗa mata babban zancen mana. Maman Ilham, tambayar da ya kamata ki yi ita ce me yake ci a gidanki. Ni sai da na gane wannan na huta.

Malamin Bayoloji: Kawu ka riga ni. Wannan halittar ba ta cin tuwo, ba ta cin shinkafa, ba ta taɓa tufa ko katako ko littafi. Ba ta saƙa, ba ta gina gida. Nama take ci, kuma mai rai: 'ya'yan kyankyaso, gizo-gizo, ƙuda, asu mai cin kaya, gara, kuɗin cizo, da ƙananan ƙwarin nan masu ruwan azurfa da ke cin takarda. Yakan daka tsalle ya rufe abin da ƙafafunsa kamar an jefa taru, har ya riƙe ɗaya yana cin ɗaya. In kin gan shi sau ɗaya a wata huɗu, wataƙila baƙo ne ya biyo tsaga. In kuwa kina ganinsa kowane mako, akwai kasuwar da yake ci, kuma kasuwar ita ce matsalarki.

Na biyu, danshi. Fatarsa ba ta da kakin da ke hana ƙwari bushewa, saboda haka wuri busasshe kashe shi yake. Shi ya sa banɗaki, ƙarƙashin wurin wanke-wanke da ɗakin ƙasa ne mazauninsa. Istanbul gari ne na bakin teku, hawa na ƙasa kuma shi ke tara laima. Ki sa a duba ko wani bututu na yoyo.

Ɗan Damagaram: Ashe ɗan sanda ne, ba ɓarawo ba.

Hajiya Babba: Ɗan sandan da zai hau min bango ƙarfe biyun dare da ƙafa talatin, na yafe tsaronsa.

Bazazzagiya: Hajiya kun kashe ni da dariya. Amma gaskiya ina bayanku. Ko an ce min alheri yake yi, ba zan iya wanka yana kallona ba.

Malamin Bayoloji: Ni ma ban ce a yi masa shimfiɗa ba. Wanda ya ga zai iya, ya kifa masa kofi, ya zura takarda mai kauri ta ƙasa, ya kai shi waje. Wanda ya buge shi da silifas ma ban ga laifinsa ba, sai dai a sani ƙafafun da suka cire sukan ci gaba da motsi na ɗan lokaci, kada a firgita. Abin da nake ƙi shi ne a cika ɗakin jaririya da guba saboda ƙwaro guda, a bar yoyon da kyankyason da suka kawo shi. Bayan wata ɗaya wani zai zo. Kuma ba ya yaɗuwa irin na kyankyaso, sai ya shiga shekara ta 3 kafin ya fara haihuwa, yakan kuma rayu shekara 3 zuwa 7.

Kawun Amurka: Abin da ya yi min aiki: na toshe tsagar da ke bakin bututu da gindin bango, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na kwashe kwalayen da muka jibge a ƙasa. Na sayi na'urar nan mai tsotse danshin ɗaki, kullum sai na zubar da ruwan da ta tara, abin mamaki. Na kuma ajiye tarkon danƙo a bayan injin wanki, ba don shi ba, don in ga me ke yawo da dare. Shi sau da yawa ƙafafu kawai yake bar maka a kan danƙon ya wuce. Yanzu sai in yi wata shida ban ga ko ɗaya ba. In kin tarar da shi cikin bahon wanka kuma, yawanci faɗawa ya yi santsi ya hana shi fita.

Ɗan Maiwurno: To a ce wani ya karanta wannan a gida, ya ga babban shanshani a ƙarƙashin tabarma ya ce Malam ya ce ba ya komai, ya sa hannu?

Malamin Bayoloji: Madalla da ka tayar da wannan. A'a, a'a. Duk sassaucin da na yi, a kan na hoton nan ne kaɗai, mai dogayen ƙafafu sirara. Babban namu mai faɗi yana cizo da gaske, yana barin huda biyu a fata, kuma zafin da Hajiya ta ba da labari ba ƙari a ciki. Kisa dai abu ne mai wuyar gaske a cizonsa, amma azaba akwai ta. Da damina a riƙa kakkaɓe takalmi kafin a sa, a ɗaga shimfiɗar yara daga ƙasa in da hali, a soke gidan sauro a ƙarƙashin katifa, a janye tarin itace da bulo daga jikin ɗaki. Kada a ɗaga turmi ko dutse da yatsu a ƙasansa.

Hajiya Babba: To Alhamdu lillahi, an dawo hanya. Da ma ni abin da nake gudu ke nan, yaran yanzu da an ce musu abu ba ya komai sai su ɗauka su yi hoto da shi.

Shugaban Zaure: Bakatsine na goge hoton kwalbar da ka saka, kada wani ya gani ya nema. A ci gaba.

Maman Ilham: Salam jama'a, na dawo da rahoto bayan kwana 5. Abban Ilham ya kira mai gidan, aka turo mai gyaran famfo. Da ya janye katakon ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ashe bututun na ɗiga ta baya, katakon ya jiƙe ya yi baƙi har yana marmashewa a hannu, ga wari irin na rumbun da ruwa ya shiga. Sai kwalayen da muka zo da su daga gida, na daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya, da na tura bayan firji na manta. Ina ɗaga na ƙasa, ƙananan kyankyasai suka watse ta ko'ina, na fi ashirin da idona. Kunya ta kama ni a gaban mutumin, ni da nake ganin gidana tas yake. Na juye kayan miyan a robobi masu murfi, kwalayen na fitar da su, an canza bututun, tsagar bayan masai ma an cike ta. Ban fesa komai ba, Anti.

Anti Nas: Kin kyauta, ƙanwata. Maganin kyankyason ma in za a sa, a nemi irin na ɗigawa a lungun da hannunta ba ya kaiwa, kuma ku karanta takardar.

Hajiya Babba: Shi mutumin fa? An kama shi?

Maman Ilham: Hajiya jiya da asuba na sake ganinsa a bakin ƙofar kicin. Na ɗauko kofi kamar yadda Malam ya ce, na tsaya a kansa, hannuna ya ƙi sauka. Muka yi kallon-kallo, sai ya shige bayan firji.

Bakatsine: Ya tafi aiki ke nan. A bar shi ya gama da kyankyasan tukuna, sannan a yi maganar sallama.

Hajiya Babba: Ni dai in na zo Istanbul, a otal zan sauka.